Mako 19 a saman jadawalin Billboard: me waƙar Shaboozey ta ci, kuma ina kuɗin suka shiga?

A ƙarshen watan Nuwamban 2024, waƙar "A Bar Song (Tipsy)" ta cika mako 19 tana zaune a lamba ɗaya a jadawalin Hot 100 na mujallar Billboard ta Amurka. Kafin ita, waƙa ɗaya ce kacal ta taɓa kai wannan adadi, wato "Old Town Road" ta Lil Nas X a 2019. Labarin ya iso Najeriya da wuri saboda mai waƙar, Shaboozey, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, kuma iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne da suka zauna a jihar Bajiniya. Sai dai da labarin ya iso, ya zo da kalmomi masu rikita mai karatu. An ce waƙar ta "kantiri" ce, an ce ta yi "lamba ɗaya", an ce ta samu shaidar "filatinam". Wasu sun ɗauka ita ce waƙar da aka fi saurara a duniya baki ɗaya, wasu kuma suka fara lissafa masa biliyoyin da suke ganin sun shiga aljihunsa. Duk lissafin biyu na buƙatar gyara.

## Abin da ake nufi da kantiri

Kantiri kiɗa ne na mutanen karkarar kudancin Amurka, kuma sunan ma daga kalmar Turanci mai nufin ƙauye ko karkara ya fito. Jita, goge irin na Turawa da banjo su ne ginshiƙansa, baitocinsa kuma kan ba da labari kai tsaye: aiki, talauci, rabuwar aure, kewar gida, addini, giya. Cibiyar kasuwancinsa ita ce birnin Nashbil na jihar Tenesi, inda shirin rediyon Grand Ole Opry ya faro tun 1925. Duk wanda ya girma yana jin Jim Reeves, Don Williams, Kenny Rogers ko Dolly Parton a rediyo ko a kaset a garuruwan Najeriya ya san muryar wannan kiɗa, ko da bai san sunansa ba.

Akwai wani tarihi da ya zama dole a sani kafin a fahimci gardamar da za ta zo a gaba. A shekarun 1920, kamfanonin faifai sun raba kasuwa gida biyu: waƙoƙin fararen fata na karkara a gefe guda, na baƙaƙen fata a wani gefe, kowanne da sunansa da kundin tallarsa, alhali mawaƙan ɓangarorin biyu maƙwabta ne da ke aron kari da salon kaɗi daga juna. Shi kansa banjo bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi a can, kuma a siffarsa ta farko, ƙwarya ce da fata da tsirkiya, dangin gurmi da garaya. DeFord Bailey, baƙar fata, yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry. Charley Pride ya yi tashe a shekarun 1960 da 1970. Amma waɗannan tsiraru ne, kuma a idon kasuwa kantiri ya zauna a matsayin kiɗan fararen fata.

## Yadda ake ƙirga lamba ɗaya

An fara fitar da Hot 100 a watan Agustan 1958, kuma abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne na Amurka ne kaɗai. Wanda ya saurari waƙar a Kano, Legas ko Landan bai ƙara mata komai a wannan jadawali ba. Abu na biyu, lissafin mako ɗaya ne, daga Juma'a zuwa Alhamis, sannan a share allo a sake sabo. Babu alƙalan da ke zama su zaɓi waƙar da ta fi daɗi. Wani kamfanin tattara alƙaluma mai suna Luminate ne ke kawo adadi daga wurare uku: sau nawa aka saurari waƙa ta intanet a manhajoji irin su Spotify da Apple Music, mutum nawa aka ƙiyasta sun ji ta a gidajen rediyo, da kuma kwafi nawa aka saya. Billboard ke ba kowanne nauyinsa ta haɗa maki. Saye ɗaya ya fi sauraro ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, kuma tun 2018 sauraron wanda ke biyan kuɗin wata ya fi na mai sauraron kyauta da ake katse masa da talla.

Wannan tsari ne ya sa hanyoyin hawa saman jadawalin suka bambanta. Mawaƙin da ke da magoya baya masu zafi zai iya ɗarewa a mako guda saboda sun yi ca sun saya, mako na gaba ya rikito. Wadda ke daɗewa a sama ita ce wadda ƙafafunta uku suka tsaya tare, musamman rediyo, domin rediyo ba ya saurin kama waƙa, amma in ya kama ba ya saurin saki.

Ban da Hot 100 da ke haɗa kowane irin kiɗa, akwai ƙananan jadawalai. Na kantiri guda biyu ne masu muhimmanci a nan: Hot Country Songs, wanda tun 2012 yake haɗa sauraro, saye da rediyo, da Country Airplay wanda ke ƙirga abin da gidajen rediyon kantiri kaɗai suka saka. Na biyun shi ne ma'aunin ko Nashbil ta karɓi mutum.

Ita kuwa shaidar zinare ko filatinam, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ke ba da ita, kuma jimillar lissafi ce tun daga ranar da waƙa ta fito. Zinare na nufin kwafi 500,000, filatinam miliyan ɗaya, daimon miliyan goma. Da yake yanzu saye ya ragu, ana lissafa sauraro 150 a matsayin kwafi ɗaya. Wato waƙar da ba a sayi ko ƙwaya ɗaya ba tana iya samun filatinam idan an saurare ta sau miliyan 150 a cikin Amurka.

## Dalilan da suka tsayar da ita a sama

Shaboozey ba ɗan jiya ba ne. An haife shi a 1995, ya tashi a garin Woodbridge, ya fara sakin waƙoƙi wajen 2014, kuma ya fitar da kundi biyu, a 2018 da 2022, ba tare da sunansa ya zagaya ba. Sunan da yake amfani da shi ma daga yadda Amurkawa ke karya "Chibueze" a baki ya samo asali. Shekara goma ya yi yana gauraya rap da kantiri kafin kasuwa ta waiwaye shi.

Abu na farko da ya taimake shi shi ne lokaci. A ranar 29 ga Maris 2024 Beyoncé ta fitar da kundinta "Cowboy Carter", kuma muryarsa na cikin waƙoƙi biyu a ciki. Mako biyu bayan haka, ranar 12 ga Afrilu, tasa waƙar ta fito, daidai lokacin da miliyoyin mutane ke tambayar wane ne wannan. Ba a jima ba ta karɓi saman Hot Country Songs daga hannun "Texas Hold 'Em" ta Beyoncé, karon farko da baƙaƙen fata biyu suka riƙe wannan matsayi ɗaya bayan ɗaya. Saman Hot 100 kuwa sai a watan Yuli ta kai, bayan kusan wata uku da fitowarta.

Na biyu, ƙofa ta riga ta buɗe. A 2023 waƙar "Last Night" ta Morgan Wallen ta yi mako 16 a lamba ɗaya, kuma a watan Agustan 2023 ɗin waƙoƙin kantiri ne suka riƙe matsayi na ɗaya, na biyu da na uku a lokaci guda. Masu sauraron kantiri sun daɗe suna dogara da rediyon mota da faifan CD, sun makara wajen komawa manhajojin waya, amma da suka koma sai yawansu ya bayyana a lissafi. Irin haka ta taɓa faruwa a 1991. Kafin wannan shekara, masu shaguna ne ke faɗa wa Billboard abin da suka sayar da baki. Da aka fara ƙirgawa da na'urar da ke karanta lambar kaya a kanta, sai ga kundin Garth Brooks ya shigo kai tsaye a lamba ɗaya, abin da kundin kantiri bai taɓa yi ba. Masu sayen suna nan tuntuni, ma'aunin ne bai gan su ba.

Na uku yana cikin waƙar kanta. Amshinta aro ne daga "Tipsy", waƙar rap ta J-Kwon da ta kai lamba biyu a 2004. Wanda yake matashi a wancan lokaci yanzu ya doshi arba'in, yana da mota da rediyo a cikinta, kuma kunnensa ya san karin tun kafin a kai ƙarshen baitin farko. Yaro kuma da bai san tsohuwar ba ya ji ta sabuwa. An ɗora wannan amshi a kan jita da tafi da goge, tsawonta bai kai minti uku ba, abin da ke sa a maimaita ta. Labarin da ke ciki na ma'aikaci ne da aiki ya gajiyar, kuɗin mai da cefane sun yi masa yawa, budurwarsa na son jaka mai tsada, sai ya nufi mashaya. Waƙar giya ce, babu ɓoye-ɓoye, kuma wannan tsohon jigo ne a kantiri. Amma kukan tsadar rayuwa da ta buɗe da shi ya zo wa Amurkawa a kan gaɓa, domin hauhawar farashi a ƙasar ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yunin 2022, mafi tsanani cikin shekara arba'in, kuma raɗaɗin bai gama sauka ba a shekarar zaɓe ta 2024.

Na huɗu, wanda ya fi bayyana mako 19 ɗin, shi ne rediyo. Gidajen rediyon Amurka a rarrabe suke, kowanne da irin kiɗan da yake sakawa. Yawancin waƙoƙi gida ɗaya ko biyu suke samu. Wannan ta shiga gidajen kantiri har ta kai lamba ɗaya a Country Airplay, ta shiga na fof, wato kiɗan zamani na gama-gari, ta shiga na masu sauraro manya a shekaru, ta shiga masu saka kiɗan rawa da rap. Idan masu sauraron wannan ɓangare suka fara gajiya, na wancan suna farawa. Ta sauka daga saman Hot 100 ta sake hawa fiye da sau ɗaya, shi ya sa makonnin nata ba a jere suke ba, saɓanin na "Old Town Road" da suka zo a jere.

## Ina kuɗin suke zuwa

Billboard ba ta biyan ko sisin kwabo ga wanda ya zo lamba ɗaya. Kuɗin waƙa daga wasu hanyoyi suke fitowa, kuma don a gane rabonsu sai an san cewa kowace waƙa dukiya biyu ce a idon doka. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato baitoci da kari, wanda na marubuta ne da kamfanonin da ke kula musu da shi. Akwai kuma haƙƙin faifai, wato ainihin sautin da aka ɗauka a sutudiyo, wanda yawanci na kamfanin da ya zuba kuɗi ne, ko na mawaƙin, gwargwadon yarjejeniya.

A nan ne aron da aka yi wa J-Kwon ke da tasiri. Da a ce an yanko ainihin sautin tsohon faifan an liƙa, da sai an biya masu faifan da kuma marubutan. Tunda sake rera karin da kalmomin aka yi, izinin marubuta kaɗai ake buƙata. Saboda haka sunan J-Kwon da na abokan aikinsa biyu suna cikin jerin marubutan sabuwar waƙar, tare da Shaboozey da furodusoshinsa biyu, Sean Cook da Nevin Sastry. Mutum shida ke nan a kan haƙƙin ƙirƙira, kuma uku daga cikinsu aikinsu tun 2004 suka gama shi.

Manhajojin sauraro ba su da tsayayyen farashin sauraro ɗaya. Spotify, alal misali, tana tara kuɗin wata da na talla na kowace ƙasa, ta riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran ta raba wa masu haƙƙi gwargwadon kason kowace waƙa a cikin jimillar sauraron ƙasar. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne dala uku zuwa biyar a kan kowane sauraro dubu. Waƙar ta haura sauraro biliyan ɗaya a Spotify, wanda a wannan ƙiyasi ya kama dala miliyan uku zuwa biyar daga manhaja ɗaya. Kuɗi ne masu yawa, amma hannun kamfani suke fara shiga. Kamfani ya cire abin da ya kashe a talla, bidiyo da kuɗin gaba da ya ba mawaƙi, sannan a raba. Daga kason mawaƙin kuma manaja, lauya da hukumar haraji kowa na jiran nasa.

Rediyo, wanda ya fi kowa riƙe waƙar a sama, yana da wata dokar da ke ba mutane mamaki. A Amurka, gidajen rediyon AM da FM suna biyan marubuta ta hannun ƙungiyoyi irin su ASCAP da BMI, amma ba sa biyan mai rerawa ko mai faifai komai. Hujjar masu gidajen ita ce talla kyauta suke yi wa mawaƙi. Mawaƙa da kamfanoni sun daɗe suna kai kuka majalisar dokoki a sauya wannan, suna cewa yawancin ƙasashe na biya. Shaboozey na samun kuɗin rediyo ne a matsayinsa na ɗaya daga cikin marubuta. Da rerawa kawai ya yi, da duk makonnin nan na rediyo ba su kawo masa komai kai tsaye ba.

Babbar ribar lamba ɗaya tana zuwa ta bayan gida: farashin gayyatarsa wasa ya tashi, zaurukan da yake cikawa sun ƙara girma, kamfanoni na neman fuskarsa a talla, masu fim da wasanni na biyan lasisin saka waƙar, kuma yarjejeniyarsa ta gaba da ƙarfinsa zai zauna teburinta. Wani abin lura shi ne waƙar ba ta fito daga ɗaya daga cikin manyan kamfanoni uku da suka mamaye kasuwar duniya ba, wato Universal, Sony da Warner. Kamfanin Empire ne ya fitar da ita, mai zaman kansa da ke San Faransisko, wanda masu bin kiɗan Najeriya suka sani ta hanyar aikinsa da Asake, Fireboy DML da Kizz Daniel.

## Kantiri ce ko ba kantiri ba ce

Masu riƙo da tsohon salo na cewa waƙar da amshinta daga rap ya fito, aka gina ta don ta shiga kowane gidan rediyo, fof ce da aka sa wa malafa. Damuwarsu ba ta tsaya kan Shaboozey ba, sun yi wa fararen fata irin su Florida Georgia Line da Morgan Wallen wannan suka. Suna kuma da hujja ta lissafi: tun sauyin 2012, Hot Country Songs na ƙirga har da abin da gidajen rediyon da ba na kantiri ba suka saka, don haka waƙar da ta fi karkata ga fof ta fi samun damar mamaye jadawalin, ta danne masu salon gargajiya.

Ɗaya ɓangaren na cewa kantiri bai taɓa zama tsantsa ba, kullum yana aro, kuma tambayar tsantsa ta fi tasowa idan mai waƙar baƙi ne. Misalin da suke kawowa shi ne na 2019, lokacin da Billboard ta cire "Old Town Road" daga jadawalin kantiri da hujjar cewa ba ta ƙunshi isassun siffofin kantirin zamani ba. Billboard ta musanta cewa launin fata ne dalili. Shekara biyar bayan haka ba a cire ta Shaboozey ba, gidajen rediyon kantiri kuma sun saka ta sosai, abin da wasu ke kallo a matsayin alamar sauyi.

Wurin rabon kyaututtuka bai raba gardamar ba. A bikin CMA, ƙungiyar masu sana'ar kiɗan kantiri, na Nuwamban 2024 an saka sunansa a rukuni biyu, bai ci ko ɗaya ba, Beyoncé kuwa ko sunanta ba a saka ba. A bikin Grammy na Fabrairun 2025 waƙar tana cikin masu takarar waƙar shekara, ba ta ci ba, amma kundin Beyoncé ya ɗauki kyautar kundin kantiri da ta kundin shekara. Daga baya masu shirya Grammy suka raba rukunin kundin kantiri gida biyu, na gargajiya da na zamani. Wasu sun ce an ba masu tsohon salo wurin numfashi, wasu sun ce sabuwar katanga ce. Abin da ba a jayayya a kai shi ne kyaututtuka ƙuri'ar 'yan sana'a ce, jadawali kuma ƙirgen kasuwa ne, kuma ba dole su zo ɗaya ba.

## Abin da ya shafi mai sauraro da ƙaramin mawaƙi

Ga mai sauraro, nasara irin wannan na haifar da kwaikwayo. Kamfanoni sun ga gajeriyar waƙa mai aron tsohon amshi tana biya, don haka masu sayen haƙƙin tsofaffin waƙoƙi suna neman wanda zai sake rera su. Tsarin rabon kuɗin ma na da nasa tasirin: tunda tukunya ɗaya ake zuba kuɗin kowa a raba bisa yawan sauraro, wani ɓangare na kuɗin watan mutum na tafiya ga manyan waƙoƙi ko da bai taɓa kunna su ba. Tun 2024 kuma Spotify ta daina biyan kuɗin faifai ga waƙar da ba ta kai sauraro dubu ɗaya a shekara ba.

Ga mawaƙin da ke Najeriya, lissafin ƙasa-ƙasa shi ne abin dubawa. A 2024 kuɗin watan Spotify a Amurka ya kai kusan dala goma sha biyu, a Najeriya kuma bai kai dala biyu ba, saboda haka sauraro miliyan ɗaya daga Amurka da miliyan ɗaya daga gida ba kuɗi ɗaya suke kawowa ba. Wannan na cikin dalilan da ke sa mawaƙan Legas neman haɗin gwiwa da na waje, kamar yadda waƙar Rema da Selena Gomez ta kai lamba uku a Hot 100 a 2023. Najeriya na da nata jadawalin, na TurnTable, wanda ya faro a 2020 yana haɗa manhajoji da rediyo. Sai dai kaso mai yawa na waƙoƙin Hausa ba ta waɗannan hanyoyi suke yawo ba. Ana tura su ne a shagon masu caji da turi, a mimori, ta Xender ko WhatsApp, a ji su a gidan biki da cikin adaidaita sahu. Waƙa na iya game Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram a mako guda ba tare da wata na'ura ta ƙirga ta ba, kuma mai ita ya ci gaba da dogara da wasan biki, waƙar siyasa, fim da abin da YouTube ya biya.